Amsa ga mai son ɗaukar hoton wasan wuta a Yamai

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena, na ga tambayarka: ka sayi kamara ta hannu, kana so ka ɗauki wasan wuta na daren 31 ga Disamba a nan Yamai, amma waɗanda ka ɗauka bara da salula duk sun fito dishi-dishi. Na daɗe ina wannan aikin, bari in faɗa maka abin da na sani.

Matsalarka rawar hannu ce. Wutar nan tafiya take yi a sama, kuma zanen tafiyar tata shi ne hoton. Dole ƙofar haske ta kamara ta zauna a buɗe sakan 2 zuwa 4, kuma babu ɗan Adam ɗin da zai riƙe kamara tsawon haka bai motsa ba, ko da ya ɗauke numfashi. Saboda haka ka nemi ƙafa uku, wato marikin da ake kafa kamara a kai, tun yanzu, ko aro ne. In ba ka samu ba, ka cika ƙaramin buhu da shinkafa ko rairayi, ka aza bisa katanga, ka nutsa kamarar a ciki har ta zauna daram. Danna maɓallin ma girgiza ne, don haka ka sa ƙidayar sakan 2, ko ka yi amfani da igiyar dannawa, wadda ake ɗaukar hoto da ita ba a taɓa kamara ba, in kana da ita.

Saitin ba shi da wuya. Ka juya zuwa M, inda kai ne ke saita komai da hannu, ka sa ISO, wato ƙarfin jin haske na kamara, a 100, faɗin ramin da haske ke shiga f/8 ko f/11, ka kashe filashi, don ba inda haskensa zai kai sai ƙeyar wanda ke gabanka. Sabon shiga yakan ga duhu ya ɗaga ISO zuwa 3200, alhali wutar kanta haske ne mai ƙarfi ƙwarai. Ka ɗaga, ja da kore su tashi fari fat. In hoto ya yi haske da yawa, ka matse zuwa f/16. Kada ka bar kamara ta nemi saitin gani da kanta, a cikin duhu sai ta yi ta kai da komowa har wutar ta mutu. Tun kafin a fara, ka saita da hannu bisa wata fitila mai nisa, ka faɗaɗa ta a allo har ta zama ɗan ɗigo tsaf, sannan ka liƙe zoben saitin ganin da salatif kada hannunka ya goge shi.

Amma inda na fi so ka sa hankalinka shi ne wurin tsayawa, don nan ne ake cin nasara ko a faɗi, ba a tsadar kamara ba. A ƙarshen Disamba kogin Isa, wato kogin Neja, a cike yake, kuma hoton da wuta ta fito sama ta kuma fito bisa ruwa ya fi wanda ke da baƙin sama kawai nesa ba kusa ba. Daga gefen Harobanda, a ƙetaren kogi, kana kallon gari gaba ɗaya, ga fitilun gadar Kennedy a jere. Sai dai ka tuna iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. In wutar daga cikin gari ake harba ta, hayaƙin wajenka zai nufo, ya haɗu da hazon da ke sama dama. Ka je tun da la'asar, ka ɗebi ƙasa kaɗan ka saki ka ga inda ta nufa, ka matsa gefe yadda hayaƙin zai gitta ta gabanka maimakon ya rufe ka. Kuma ka himmatu a mintocin farko, sama tana da tsabta. Can ƙarshe, da an sako su gaba ɗaya, ido ya fi jin daɗi amma hoto ya fi lalacewa.

Kada ka kafa bisa gada. Kowace mota ta wuce sai gadar ta girgiza, layukan wuta su fito a karkace. Ga kuma batun tsaro: a halin da ake ciki, in akwai jami'ai kusa, ka je ka gaishe su ka faɗi abin da ya kawo ka kafin ka fiddo kaya, kuma kada ka juya kamara wajen bariki ko gidajen hukuma.

Lokacin dannawa, ido za ka bi, ba kunne ba. Ƙara tana yin mita 340 a sakan, wato in kana nesa da kilomita guda, sai bayan kusan sakan 3 za ka ji fashewar, a lokacin furen ya riga ya fara zubewa. Da ka ga ɗan jan wutsiyar nan ta tashi daga ƙasa, danna. In kamararka tana da B, saitin da ƙofar haske ke zama a buɗe muddin kana danne, ya fi: ka riƙe daga tashi har ta buɗe ta gama, ka saki. A nan igiyar dannawa ta fi ƙidaya amfani. Ka kuma buɗe fili sosai, don ba ka san iya inda za ta kai ba, daga baya ka yanke.

Masu salula, ku ma ku duba sashen Pro a kamarar wayarku. In yana barin ku zaɓi ISO da sakan, to duk wannan bayanin naku ne.

Ka cika batir, ka tafi da na biyu a aljihun ciki, don sanyin bakin kogi yana shanye shi. Kada ka canza gilashin gaban kamara a waje cikin ƙurar nan, gobe ka tarar da ɗige-ɗige a kowane hoto. Kafin ranar kuma, ka fita bakin titi da dare ka gwada da fitilun motoci da na kabu-kabu a sakan 4, ka turo mana nan mu duba saitinka tare.