Hukuncin sauya lasifikun na'urar sauti ta gida da waɗanda suka fi su

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da na'urar sauti a falona mai lasifika biyar da wufa ɗaya (lasifikar da ke fitar da kakkauran sauti), wadda ake kira 5.1, muna sauraron karatu da labarai da kallon fina-finai da ita. Maganar mutane ba ta fita sosai, shi ya sa nake son sauya lasifikun duka da manya, amma yayana ya ce almubazzaranci ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Asalin kayan amfani a shari'a halacci ne, kuma lasifika hanya ce da take ɗaukar hukuncin abin da aka yi da ita. Saboda haka sauya ta ya halatta matuƙar abin da ake saurare halal ne, kuɗin kuma ba a tauye su daga ciyar da iyali ko biyan bashi ba. Game da kayan kiɗa da ke cikin fina-finai, mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana, Ibnu Hazm da wasu sun saɓa musu, kuma kaucewa ita ce ta fi tsare addini.

Maganar yayanka tana da gurbi. Allah Ya yabi bayinsa a aya ta 67 ta Suratul Furƙan da cewa idan sun ciyar ba sa ɓarna kuma ba sa ƙwauro, kuma ya tabbata a hadisin Mugira ɗan Shu'uba cewa Allah Yana ƙin tozarta dukiya. Ma'aunin shi ne buƙata da ƙarfin aljihu. A irin wannan tsari, mafi yawan maganar 'yan wasa da masu sharhi daga lasifikar tsakiya take fitowa, wadda ke ƙasan talabijin ko samansa, don haka sau da yawa ɗaga sautinta a saiti, ko fito da ita bakin kantar da aka ɗora ta ta fuskanci kunnen mai zama, ko sauya ta ita kaɗai, ya isa ya kawar da abin da kake kuka da shi. Idan kuma za ka saya, ka duba abin da amfilifayarka, wato na'urar da ke ƙarfafa sauti ta tura wa lasifiku, ke iya ɗauka, domin lasifika mai om 4 ta fi mai om 8 jan wuta (om shi ne ma'aunin turjiyar lasifika ga wutar lantarki), kuma tana iya zafafa amfilifayar da ba a ƙera ta don haka ba har ta lalace.

Abin da ya fi damuna a wannan mas'ala shi ne maƙwabci, kuma da wuya masu tambaya su ambace shi. Gurnanin wufa yana ratsa bango da daɓe fiye da siririn sauti, ta yadda kai kana jin daidai a kujerarka, alhali a bayan katanga tagar wani tana karkarwa, jaririnsa ya farka, marar lafiyarsa ya kasa runtsawa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rantse sau uku cewa bai yi imani ba, wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga cutarwarsa ba, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Kada kuma a fake da cewa ai Alƙur'ani aka kunna, domin Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Sa'id cewa Annabi yana i'itikafi ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu, sai ya yaye labule ya hana sashensu cutar da sashe. To, idan an hana wannan a masallaci da muryar mutum, ina ga na'urar da ke ninka ta da tsakar dare? Ka janye wufar daga bangon da kuka yi tarayya da su, ka rage ta bayan Isha'i, sannan ka je da kanka ka tambaye su ko tana damunsu, don mutane da yawa kunya ke hana su magana.

Kunnenka da na 'ya'yanka ma amana ne, kuma masana lafiyar ji suna gargaɗi a kan daɗewa cikin ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti.

Tsofaffin lasifikun kuwa, idan za ka sayar, wajibi ne ka bayyana aibinsu, kamar wadda takardar cikinta mai kaɗawa ta yage ko take ƙeƙewa idan an ƙure ta, saboda hadisin Muslim cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Allah ne Mafi sani.