Yaron da ke cewa ba shi da kan lissafi

Hajiya, kin ce ɗanki da ke aji na farko a kolej a nan Maradi ya samu 6 bisa 20 a lissafi, tun daga nan yake cewa shi ba shi da ƙwaƙwalwa, har ya fara ƙin zuwa lakwal, kuma kina tambayar yadda za ki taimake shi.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan furuci nasa, domin yaron da ya yarda cewa basira rabo ce da ba ta ƙaruwa yakan daina ƙoƙari tun kafin ya buɗe kaye. Carol Dweck, masaniyar halayyar ɗan Adam daga Amurka, ta wallafa bincike tare da Claudia Mueller a 1998, inda suka gano cewa yaran da aka yaba wa ƙoƙarinsu sun fi jure wa aiki mai wuya fiye da waɗanda aka ce musu suna da basira.

Saboda haka ki zauna da shi bayan magariba, ki ɗauko takardar jarrabawar, ku duba inda ya kuskure, wataƙila rabawa ce ko jadawalin ninkawa, sannan ki roƙi malaminsa ya nuna muku abin da zai maimaita. A daina kwatanta shi da ƴaƴan maƙwabta a gabansa. Ki kuma lura da barcinsa da karin kumallonsa, musamman a zafin Afrilu, lokacin da yara da yawa ke shiga aji a gajiye.