Wa ya ƙirga shekarun sararin samaniya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar firamare ce a Funtuwa. Na ji a rediyo wai sararin samaniya ya kai shekara biliyan 13.8. To wa yake nan lokacin da abin ya fara har ya riƙe lissafi? Yara sun tambaye ni na rasa ta cewa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Babu mahalukin da yake nan. Ƙiyasi ne, sai dai da awo aka yi shi.

A 1929, wani masanin taurari mai suna Edwin Hubble yana duban sama da madubin hangen nesa a kan dutsen Wilson da ke Kalifoniya, ya tabbatar da cewa tarin taurarin da ke can nesa suna ta ƙara nisa da mu, kuma wanda ya fi nisa ya fi gudu. Ana gane gudun daga haskensu, domin yana karkata zuwa ja. Ki ce wa yara: in mota tana gudun kilomita 60 a awa, aka tarar da ita kilomita 120 daga tasha, ai awa 2 ke nan da tashinta. Haka ake raba nisan taurari da gudunsu a koma baya zuwa lokacin da komai yake dunƙule.

Lissafin farko ya ba da kusan shekara biliyan 2, abin da ba zai yiwu ba, tunda duniyarmu kaɗai ta kai biliyan 4.5. Awon nisan ne bai yi daidai ba, aka ɗauki shekaru ana gyara shi.

Hanyar da ta fi burge ni ta faro ne a 1965. Wasu masana kimiyya biyu, Arno Penzias da Robert Wilson, sun yi ta jin wani shuu a eriyarsu a Amurka, duk inda suka juya ta. Har kashin tattabaru suka zarga, suka share tas, ƙarar tana nan. Ashe tsohon haske ne da ya fito shekara 380,000 bayan farawar sararin, ya huce har ya kai digiri 270 ƙasa da sifili. Tauraron ɗan'adam mai suna Planck, wanda Turai ta harba a 2009, shi ya zana taswirar wannan haske daki-daki, daga nan aka fitar da 13.8 ɗin da kika ji.

Ana kuma gwada adadin da taurari mafi tsufa, tunda tauraro ba zai girmi sararin da yake ciki ba. Su ƙiyasinsu biliyan 12 zuwa 13 ne, kin ga magana ta hau.

Kada ki ɓoye wa yaran cewa akwai sauran gardama. Awon Planck ya ce saurin buɗewar sararin kilomita 67 ne a daƙiƙa ga kowane nisan da haske ke ci a shekara miliyan 3.26, masu auna taurarin kusa kuwa 73 suke samu. Har yau masana suna neman inda saɓanin ya fito.