Kuɗin da ke komawa gida

Ɗana, saƙonka ya iso. Kana tambaya don me kai da aka haifa a unguwar Aboabo ta Kumasi za a ce ka riƙa ware wani abu daga albashinka kana aikawa ƙauyenmu na wajen Bawku a arewacin Gana, kuma don me duk wanda ya sauko daga mota sai ɗakinka. Har ka ce wai al'ada ce ko cuta.

A arewa damina ɗaya ce tak, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Ana gama girbin gero da dawa sai zaman banza, daidai lokacin da koko ke nuna a ƙasar Asante. Shi ya sa iyayenmu ke gangarowa cin rani su kama aikin abusa: a kasa amfanin gona uku, mai gona biyu, ɗan ƙwadago ɗaya. Wannan kason shi ya yi rufin kwanon gidanmu, shi ya biya sadakin mahaifiyarka. Da, a lalita ake ɗaura kuɗin a ƙugu, ko a ba direban lori amana. Yanzu MoMo ce, wato tura kuɗi ta waya, kafin ka mai da waya aljihu sun karɓa.

Saukar baƙo kuwa ta girme mu duka. Tun zamanin fataucin goro mai gida ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya tsaya masa wajen ciniki, da haka aka gina zango. Kakanka ma a zauren wani ya fara kwana, kan tabarmar aro. A 1969 da gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, na ga maƙwabtanmu suna hawa lori da ƙunshin kaya. Masu aike gida sun san inda za su dosa. Sauran fa?

Sai dai ba zan ce maka komai na tafiya daidai ba. Da, ruwan farko na sauka kowa ya koma gona. Yau wanda ya zo ya zo ke nan, an bar tsofaffi da yara da gonaki, 'yan mata kuma suna kasuwar Kejetia ta Kumasi suna dakon kaya a ka. Kuɗin da kuke aikawa ma ba ya kwana a ƙauye, siminti da shinkafa da katin waya sun dawo da shi kudu.

Saboda haka ba duk wanda ya bugo waya za ka tura wa ba, balle don a yi bajinta a wajen sadakar arba'in. Ka tara, ka aika gab da damina a sayi taki da iri, sai kuma kuɗin makarantar ƙannenka. Baƙo ka sauke shi, ka ciyar da shi, amma tun daren farko ka tambaye shi sana'ar da ya zo yi, ka haɗa shi da masu yinta. Kuɗin kuma ka bi da su ta hannun gwaggonka, ita ce ta san wanda rumbunsa ya ƙare. Ka gaida mahaifiyarka.