Me ya sa SIGPROF ke ɓacewa alhali shirina yana cin CPU?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta wani ɗan shiri da C a kan Linux. Duk bayan milisakan 20 yakan farka, ya yi aikin kusan milisakan 2, ya koma barci. Na saita masa agogon setitimer da ITIMER_PROF a kan milisakan 1 don in riƙa ƙirga SIGPROF, wato siginar da kanel (zuciyar Linux) ke aiko wa shiri duk sanda ya cinye wannan lokaci a kan CPU. Cikin sakan 10, clock_gettime da CLOCK_PROCESS_CPUTIME_ID yana nuna ya ci sakan 1, ke nan sigina dubu ya kamata in samu. Amma wani zubin in sami kusan 500, in na sake kunna shi kuma ko ɗaya babu. Kanel ɗin ne da matsala ko ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba kai ba ne, kuma kanel ɗinka lafiyarsa ƙalau. Littafin lissafi biyu Linux ke riƙe wa kowane shiri, kai kuma ka karanta ɗaya ka je kana neman bayani a ɗayan.

Littafi na farko na mai rabon aiki ne, wato ɓangaren da ke yanke wa zai hau CPU wa zai sauka. Duk sanda ya ɗora shiri ya sauke shi, yakan duba agogo ya rubuta tsawon zaman da nanosakan a cikin sum_exec_runtime. Wannan ya zo ne da CFS, mai rabon aikin da Ingo Molnar ya rubuta, a Linux 2.6.23, shekarar 2007, kuma shi CLOCK_PROCESS_CPUTIME_ID ke karantawa. Sakan 1 ɗin da ka gani gaskiya ne.

Littafi na biyu ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma da ƙiyasi ake cika shi. Agogon kanel yana bugawa sau HZ a sakan ɗaya: 100, 250, 300 ko 1000, gwargwadon yadda aka gina shi. A kowane bugu sai ya leƙa ya ga wa ke kan CPU, ya rubuta masa bugun sukutum, a utime idan aikin kansa yake yi, a stime idan yana cikin kanel. Kamar mai karɓar kuɗin rumfa ne da ke zagaya kasuwa a ƙayyadadden lokaci. Wanda ya tarar zaune ya biya cikakke, ko da yanzun nan ya shimfiɗa tabarma. Wanda ya kasa kayansa bayan wucewarsa ya kwashe kafin ya dawo, ko sisi. ITIMER_PROF da wannan littafi yake aiki.

To yanzu ɗauki alƙalumanka. Mu ce HZ ɗinka 250 ne, bugu ɗaya milisakan 4. Shirinka na farkawa duk milisakan 20, bugu biyar cif. Tazarar da ke tsakanin farkawarsa da bugu na gaba ba ta motsawa, yadda aka fara haka za a gama. In ka yi sa'a bugun ya faɗo cikin milisakan biyun aikinsa, kullum sai an kama shi: farkawa 500, kamu 500, kowanne a rubuta masa milisakan 4, littafin ya ce ya ci sakan 2. Sigina kuwa ɗaya ake aikawa a bugu, shi ya sa ka ga 500. In kuma aikin ya faɗa tsakanin bugu da bugu, ba za a taɓa ganinsa ba. Sa'ar lokacin da ka danna kunnawa ce kawai ke raba gardama. Dubun da kake nema dama ba mai samuwa ba ne, don ba a duba agogunan CPU sai a kan bugu, a cikin run_posix_cpu_timers. Milisakan 1 da ka nema ya fi ƙarfin ma'aunin. Wannan rami ba sabo ba ne. A 2007 Tsafrir, Etsion da Feitelson sun nuna a taron tsaro na USENIX cewa shiri zai iya cinye mafi yawan CPU ta hanyar kauce wa bugun da gangan.

Wurin da mutane suka fi ruɗewa shi ne inda ake karanta utime da stime, wato getrusage da /proc/PID/stat (PID lambar shirin ce), fili na 14 da na 15. A nan kanel na haɗa littattafan biyu ta cputime_adjust: jimla daga na farko, rabon utime da stime daga na biyu. Jimlar daidai take, rabon kuwa ƙiyasi ne. Idan ba a taɓa kama shirin cikin kanel ba, sai a zuba komai a utime, ka ga stime sifili ko da kiran kanel ne rabin aikinsa. Kuma ba a yarda ko ɗayansu ya koma baya, don haka kana iya ganin utime ya tsaya cak na ɗan lokaci stime na hawa. Na sha ganin an kwana ana farautar kuskure a nan, alhali babu shi.

Kafin ka yarda da ni, gwada. Duba CONFIG_HZ a fayil ɗin config na kanel ɗinka cikin /boot. Kada ka dogara da getconf CLK_TCK, 100 zai ce maka a kwamfutocin da muka saba da su komai HZ na ainihi, don shi ma'aunin da ake nuna wa shirye-shirye ne. Sai ka mai da lokacin farkawar daga duk milisakan 20 zuwa 21, lambar da ba ta rabuwa da 4. Tazarar za ta fara zamewa, ƙidayar kuma ta daina tsalle tsakanin sifili da 500, ta zauna kusa da rabin adadin farkawa. Lamba ta farko a /proc/PID/schedstat ita ce nanosakan na ainihi, ka kwatanta da ita.

Magani ya danganta da abin da kake so. In auna lokaci ne, tsaya kan clock_gettime ka manta da sigina. In kana son sanin inda shirin ke ɓata lokacinsa ne, perf record, kayan auna aikin shiri na Linux, ya fi, don shi bai jingina da bugun ba. Ka ba shi lamba kamar 997 a -F, wato sau nawa zai leƙa a sakan ɗaya, don kada shi ma ya yi daidai da zagayen shirinka. Wasu za su ce ka koma timer_create da CLOCK_PROCESS_CPUTIME_ID. Lissafinsa ya fi, ba musu, amma shi ma a kan bugu ake duba shi, kuma sai shirin yana kan CPU a lokacin, don haka naka mai ɓuyan nan zai sake sulluɓewa. Akwai kuma zaɓin ginin kanel CONFIG_VIRT_CPU_ACCOUNTING_GEN, wanda ke auna shiga da fita kanel dalla-dalla, sai dai a kan CPU ɗin da ka saka cikin nohz_full, jerin CPU da ake dakatar wa bugun agogo, kawai yake aiki, kuma yana ƙara nauyi ga kowane kiran kanel. Don ɗan shiri ɗaya ni ba zan taɓa shi ba.