Wace Manhajar Naɗar Sauti Ce Ta Fi Dacewa Da Mu A Bana?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun shigowar shekarar nan, tambayoyin da suka fi zo mini daga Garwa, Marwa, Ngaundere da ƙetaren kogi a Njamena sun ta'allaƙa ne a kan manhajar da ta fi kyau wajen naɗar murya da tace ta. Na ware huɗu daga cikinsu, domin bukatun masu su sun sha bamban, kuma aikin da mutum yake yi da irin na'urar da ke hannunsa su ne suke sauya amsa. Duk inda na ambaci dala a nan, dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai sefa biyar ba.

Tambaya ta farko ta fito ne daga wani malami a unguwar Domayo da ke Marwa: "Ina karantar da littattafan fiƙihu tsakanin Magariba da Isha'i, kuma ɗalibai suna son a riƙa naɗar karatun ana tura wa waɗanda ba su samu halarta ba. Ina da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙwaƙwalwa gigabayit 4. An ce mini sai na sayi manhaja mai tsada kafin murya ta fita tas. Wacce zan nema?"

Allah ya gafarta Malam, kada ku fitar da ko ƙwandala a kan wannan aiki, domin Audacity ta wadatar da ku. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara rubuta ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1999, aka sake ta ga jama'a a 2000, kuma har yau kyauta ce duk da cewa kamfanin Muse Group ya karɓi ragamarta a 2021. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, ba ta wahalar da tsohuwar kwamfuta irin taku idan murya ɗaya ake naɗa, kuma da zarar an sauke ta ba ta bukatar intanet. A sauko da ita daga shafinta na asali kawai. Masu ita ba su yi ta waya ba, saboda haka duk abin da kuka gani da wannan suna a rumbun manhajojin waya ba ita ba ce.

Idan za a fara, a saita ta a kan layin sauti guda, wanda ake kira mono, domin muryar mutum ɗaya ba ta bukatar layi biyu. Sannan ɗalibin da ke kula da naɗin ya sa ido a kan ma'aunin ƙarfin sauti da ke sama, ya tabbata cewa lokacin da Malam ya ɗaga murya ma'aunin yana tsayawa tsakanin -12 da -6, bai kai sifiri ba. Muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya, amma wadda ta bugi sifiri ta tsage ke nan, kuma ɗinke ta abu ne mai wuya ko a manhaja mafi tsada.

Akwai dabara ƙarama da nake koya wa kowa. Bayan an danna naɗi, kowa ya yi shiru na daƙiƙa biyar kafin a yi Bisimilla. Wannan shirun ya ƙunshi ƙarar fanka da sauran hayaniyar da ba ta yankewa a wurin. Daga baya sai a zaɓi wannan yanki, a nuna wa abin rage hayaniya na Audacity shi domin ya gane shi, sannan a zaɓi karatun gaba ɗaya a umarce shi ya cire. Ina ba da shawarar kada ragin ya wuce desibel 12 (desibel shi ne awon ƙarfin sauti), domin idan aka matsa masa murya takan koma kamar ta mai magana daga cikin tulu, haruffa irin su sin da sad kuma su dagule, abin da ba za a so ba a karatun da ake jawo aya da hadisi.

Kuskuren da na fi gani shi ne na ajiya. Tun daga fitowa ta 3.0 a 2021, idan aka adana aiki a Audacity yana zama fayil guda mai ƙarshen aup3, kuma wannan fayil ɗin aikin tacewa ne, waya ba ta iya kunna shi. Dole sai an fitar da sautin a matsayin MP3, wato matsattsen fayil ɗin sauti, ko WAV, wanda ba a matse shi ba. A nan ma akwai lissafi, domin WAV mai layi guda yana cin kimanin megabayit 5 a minti ɗaya, wato karatun awa guda zai kai megabayit 300, alhali idan aka fitar da shi a MP3 mai kilobit 64 ba zai kai megabayit 30 ba, kuma kunne ba zai ji wani bambancin a zo a gani ba a magana zalla. A ajiye WAV a kwamfuta domin gaba, a tura wa ɗalibai MP3 domin a tausaya wa kuɗin datarsu.

Duk da haka, Malam, mafi yawan kyawun sautin daga zauren zai fito. Bangon siminti da rufin kwano suna mayar da amsa-kuwwa, darduma da labule kuma suna shanye ta. Makirfo ya kasance kimanin taƙi ɗaya daga bakinku, a kuma kawar da fuskar fanka daga gare shi, musamman a zafin Maris da Afrilu da ba a iya kashe ta.

Tambaya ta biyu daga wani matashi ce a Garwa: "Na buɗe ɗan ɗakin naɗar waƙa a gidanmu, ina yi wa masu bege da mawaƙan biki aiki. Wani ya saka mini FL Studio da aka fasa makullinta, amma tana yawan tsayawa. Na ji ana yabon Reaper da Adobe Audition. Wacce ce ta fi a bana?"

Ƙanena, zan fara da maganar fasasshiyar manhaja domin ita ta fi damuna. A bara wani yaro ya kawo mini kwamfutarsa idonsa jawur, ya ce ya wayi gari duk fayilolinsa sun sauya suna, ba ɗaya da ke buɗewa, sai wata takarda a kan allo da ke neman ya biya kuɗi kafin a sake masa su. A ciki akwai waƙoƙin biki guda uku da ya riga ya karɓi kafin alƙalami a kansu, ɗaya ma ranar kamu ta kusa. Da muka bi sawu, sai muka tarar cutar ta shigo ne tare da wata fasasshiyar manhaja da aka zuba masa daga filashi a wani shago, bayan an ce masa ya kashe garkuwar kwamfutar kafin a saka. Ba mu iya ceto ko waƙa ɗaya ba. Ba kowace fasasshiya ce ke ɗauke da cuta ba, amma ba ka da hanyar sanin wadda ke ɗauke da ita, kuma amanar mutane ce a cikin na'urarka, ban da haƙƙin masu manhajar da ake ci.

Manhajojin ukun da ka ambata ba aiki ɗaya aka gina su domin shi ba. FL Studio, ta kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, wadda aka fara sani da FruityLoops, ƙarfinta yana wajen haɗa kiɗa, wato jera ganga da fiyano da sauran amo a kan tsari. Idan rabin aikinka haɗa kiɗa ne, tana da wuyar bari. Sai dai ka sani cewa matakinta mafi araha, mai suna Fruity, ba ya naɗar murya daga makirfo, sai ka hau matakin Producer wanda kuɗinsa ya kusa dala 200. Abin yabonta shi ne wanda ya saya sau ɗaya yana samun duk sabuntawa kyauta har abada. Ta gwaji kuma tana barin ka adana aiki, amma ba za ta sake buɗe maka shi ba sai ka biya.

Adobe Audition jikar Cool Edit Pro ce, wadda tsofaffin ma'aikatan rediyo suka sani sarai, kafin Adobe ya saye ta a 2003. Tana da kyau ƙwarai wajen gyaran magana da share hayaniya, amma ba a sayar da ita, haya ake biya duk wata, sama da dala 20, kuma ranar da ka daina biya ranar take rufe maka ƙofa. Ga gidan rediyo mai kasafi wannan ba komai ba ne, amma ga mai ɗaki guda da aikinsa ke hawa da sauka tare da lokacin bukukuwa, nauyi ne da ban ga dalilin ɗaukarsa ba.

Zaɓina gare ka Reaper ce. Justin Frankel, wanda ya ƙirƙiro manhajar kunna waƙoƙi ta Winamp, shi ne ya kafa kamfanin Cockos da ke yin ta, kuma tana kasuwa tun 2006. Fayil ɗin saukarta bai wuce 'yan megabayit goma sha ba, tana gudu a kan kwamfutar da sauran manyan manhajoji za su durƙusar, kuma tana ba ka damar jera muryar mai bayarwa da ta 'yan amshi da kiɗa kowanne a layinsa, ba tare da an ƙayyade maka adadi ba. Ana gwada ta cikakkiya na kwana 60, daga nan lasisin mutum ɗaya ko ƙaramar sana'ar da cinikinta bai wuce dala dubu 20 a shekara ba dala 60 ne, wajen sefa dubu 35 gwargwadon canjin ranar. Hayar Audition ta wata uku ta riga ta kai wannan kuɗi. Aibinta shi ne fuskarta ba ta da fara'a ga sabon shiga, kuma ba ta zuwa da tarin kayan kiɗa kamar FL Studio, don haka sai ka ware mako biyu ko uku kana koyo kafin ka karɓi aikin mutane a kanta.

Kuɗin da ka tsimi ka sa shi a makirfo. Na lura yawancin ƙananan ɗakunan naɗi suna amfani da BM-800 saboda araharsa, amma makirfo ne mai tsananin ji, wanda zai kwaso maka ƙarar babur daga titi da kukan akuya daga tsakar gida. A ɗakin da ba a toshe bangonsa ba, makirfo irin na hannu da ake kira dainamik, kamar Shure SM58, ya fi rufa asiri, domin abin da ke daf da bakinsa ya fi ji. Jabunsa yana da yawa a kasuwa, saboda haka a gwada kafin a biya.

Tambaya ta uku daga wata baiwar Allah ce a Njamena, mai gabatar da shirin mata a wata tashar rediyo: "Ba ni da kwamfuta, da waya nake hira da mata a kasuwa da gidaje, amma a tashar suna cewa sautina ba ya da kyau."

Hajiya, ina kyautata zaton laifin ba na wayar ba ne. Idan da saƙon murya na WhatsApp kike naɗa, ki daina, domin yana matse sautin sosai don ya yi sauƙin tafiya, kuma abin da aka matse ba ya dawowa. Ki yi amfani da manhajar naɗi da ta zo da wayar, ki shiga saitinta ki zaɓi inganci mafi girma, ko ki sauke Dolby On, wadda kyauta ce kuma tana rage hayaniya da daidaita ƙarfin murya da kanta. Domin yanke tari da maimaici, Lexis Audio Editor tana yi a Android, mai iPhone kuma tana da GarageBand kyauta. BandLab ma kyauta ce, amma ta fi karkata ga mawaƙa kuma ta dogara da intanet wajen ajiya, don haka ban ba ki shawararta ba.

Kafin ki fara hira ki sa wayar a yanayin jirgin sama, domin kira ɗaya yana iya yanke naɗin a tsakiyar zance. Makirfon waya yana ƙasanta ne, kusa da wurin caji, don haka wannan ɓangaren za ki fuskantar da mai magana, ki kuma tsaya ta yadda hayaniyar kasuwa ba ta bayanta kai tsaye. Lokacin iskar hunturu, ƙaramar safa mai tsabta da aka sa wa gindin wayar tana hana bugun iska. In kin gama, ki tura fayil ɗin ta WhatsApp a matsayin takarda, domin ta haka zai isa tashar yadda kika naɗe shi.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce, daga Ngaundere: "Duk abin da na naɗa sai in ji wani gurnani a ƙarƙashinsa, na canza manhaja sau uku bai tafi ba."

Ɗan'uwa, ba zai tafi da canza manhaja ba, domin daga wutar lantarki yake shigowa. Wutar da muke amfani da ita a Kamaru da Cadi tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma caja marar inganci ko wayar makirfo da ta bi ta gefen wayar wuta takan ɗebo wannan kaɗawar ta zuba a cikin sauti. Ka cire cajar kwamfutar ka naɗa da batir na minti ɗaya. Idan gurnanin ya ɓace, ka gano mai laifin, sai ka canza cajar ko ka riƙa cika batir kafin aiki. Idan bai ɓace ba, ka raba wayar makirfo da ta wuta, ka gwada wata wayar daban. Abin da ka riga ka naɗa kuma, a Audacity akwai matatar da ake kira Notch Filter, sai ka saita ta a kan 50, in akwai saura ka maimaita a kan 100 da 150, kana saurare da abin ji na kunne bayan kowane mataki domin kada ka taɓa kaurin muryar.