Amsa ga 'yar uwar da ke neman abin cika babban sanwici ba nama ba ƙwai

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki, kin ce kina so ki fara irin manyan sanwicin nan na tekawe kina kai wa 'yan makaranta da ma'aikata, amma ƙwai da kifin gwangwani da nama sun yi tsadar da ba za ki fita ba, shi ne kike neman abin da za ki cika burodin da shi daga kayan gona kawai. Na ga wasu sun ce miki kabeji da karas da bama. Eh suna da amfaninsu amma gaskiya ba za su riƙe cikin ƙato ba, awa ɗaya yunwa ta dawo, gobe kuma ba zai sake kiranki ba. Na daɗe ina abincin sayarwa, abin da na gani yana tafiya shi ne awara da wake da ƙuli, in kika iya haɗa ukun nan kin gama da rabin aikin.

Awara ita ce namanki. Waken suya ya fi waken da muke ci yau da kullum sinadarin gina jiki nesa ba kusa ba, shi sama da kashi 35 cikin ɗari ne, namu kuma bai cika wuce 25 ba, shi ya sa take zama a ciki. Don Allah ki riƙa yin abarki da kanki kar ki sari soyayya, ribar duk a nan take, ga dusar ma masu kiwo suna saye. Wajen haɗa ta ni ruwan tsamin kamu nake sawa ko na tsamiya, ba na son alif don yana sa ta tauri da wani ɗanɗano a harshe. In kin juye a ƙyalle ki ɗora mata abu mai nauyi ta tsane sosai sosai, sai ki yanka ta fale-fale da faɗi, ba ƙananan nan masu kusurwa huɗu da yara ke talla ba, waɗancan zubowa suke daga burodi tun cizon farko. Ki tsoma a ruwan gishiri da magi da dakakkiyar citta da tafarnuwa kamar minti 20, ki soya sama-sama kar ta bushe ta zama ƙanzo, tana fitowa da zafinta ki barbaɗe ta da yajin ƙuli irin na masu tsire. Wallahi ƙamshin kaɗai yana sayar da ita.

Akwai kuma wata hanyar da ta fi sauƙin mai, ki dagargaza ɗanyar awarar da hannu ki soya da albasa da attaruhu da tattasai da ɗan kurkum a mai cokali biyu ko uku, za ki ga ta fito ruwan ɗorawa kamar soyayyen ƙwan mai shayi. Amma fa ki faɗa wa kwastoma awara ce, kar a bar mutum yana zaton ƙwai ya saya, ba kyau, kuma masu sonta a awararta suna da yawa.

Sai wake. Shi aikinsa ya cika burodin ya kuma riƙe sauran kayan kar su zame. Ki dafa shi ya yi luguf ruwan ya ƙone, a gefe ki soya albasa mai yawa a wuta kaɗan har ta yi ja ta fara zaƙi, ki sa barkono da 'yar daddawa, ki juye waken ki tuƙa da muciya ya yi kauri yadda in kin ɗebo a cokali ba zai ɗiga ba. Wannan ba baƙon abu ba ne, duk wanda ya zauna Legas ya san wake da burodin Agege, waɗanda suka je Sudan ko Saudiyya kuma sun ga yadda ake karyawa da ful da burodi, illa dai nasu waken daban ne da namu. Mu da Najeriya da Nijar ke kan gaba a noman irin wannan waken namu a duniya ai bai kamata ya gagare mu ba. In kina da ɗan jari ki saya da kaka lokacin da ya sauko, ki zuba a jarka busasshiya ki toshe bakin ruf iska ba ta shiga, ƙwari ba za su ci miki ba kuma ba sai kin sa magani ba.

Maganar bama kuwa, ita ma da ƙwai ake yin ta, ga tsada, ga ba ta son zafi. Ki daka ƙuli ya yi laushi ko ki samu tunkuza, ki dama da ruwan ɗumi da lemon tsami da gishiri da ɗan man gyaɗa ya yi kamar kaurin kunu, shi za ki yarfa a kai. Irin haɗin kwaɗo ne dai, har dafaffen zogale da aka matse sosai nakan sa ciki wa masu so, kuma manya sun fi matasa son wannan. Ki duba ƙulin da kyau kar ki ɗauki wanda ya yi fumfuna ko yake warin tsohon mai, sannan ki riƙa faɗa cewa akwai gyaɗa a ciki don akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta ko kaɗan.

Ƙosai kowa ya san shi da burodi, sai dai na ci nan take ne, yana hucewa yake tauri man ya jiƙe burodin. Alale ta fi shi jure tafiya, ki yi ta a faffaɗan gwangwani ki bari ta huce ki yanka. Dankalin turawa in na Jos ya shigo da damina yana araha, soyayye ko dafaffe a murmushe da albasa, in ya yi tsada ki koma dankalin Hausa. Fiya tana da daɗi amma tana baƙi da wuri, ban ba ki shawara ba sai in oda ce ta musamman.

Yanzu abin da ya fi kashe wa mutane kasuwa, ruwa. Sanwici in ya jiƙe ya gama yawo komai daɗin abin da ke ciki. Latas yaushi yake, ki yi amfani da kabeji ki yanka siriri. Tumatir ki cire 'ya'yan da ruwan cikin. Kokwamba ki barbaɗa mata gishiri ki bari ta zubar da ruwa ki goge. Albasa da karas ki jiƙa su a lemon tsami da gishiri da ɗan sukari tun dare, wannan ɗan tsamin shi ke sa waken bai gundiri mutum ba. Kuma duk ganyen a wanke da ruwa mai tsabta a bari ya tsane a kwando, kin san yadda wasu lambunan suke ban ruwa.

Burodi ki nemi dogo marar sukari da yawa. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai su kam baget na ko'ina, mu nan sai kin je gidan burodin unguwarku kin yi magana da su, in za ki riƙa ɗauka kullum yawanci suna yarda. Ki tsaga shi ki kifa cikin a kan busasshen kasko ya ɗan gasu, ki fara shafa wake a ƙasa, awara a kai, sai kabeji da su albasa, miyar ƙuli a ƙarshe. Ki bari komai ya sha iska kafin ki naɗe, kuma da takarda za ki naɗe, leda gumi take sawa.

Wake da awara suna saurin tsami musamman da bazara, Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a ajiye a waje, don haka ki fara da oda, ki haɗa daf da lokacin kaiwa, in da nisa ki sa a kula da ƙanƙara. Ki ware ludayi ɗaya na awon wake da adadin yankan awara na kowane burodi kar hannu ya riƙa zarcewa, in za ki yi lissafi kuma ki sa har da mai da gas da kuɗin markaɗe da takardar naɗi da kuɗin mai kaiwa kafin ki yanke farashi. Allah ya sa albarka ya kawo kasuwa, in kin gwada ki dawo ki faɗa mana wanne suka fi so.